Ranar da Kaka Odessa Ta Je Kwalejin Jikanta

Ƙanena Thaddeus ba ya fashin kiran waya ranar Lahadi. Da mun dawo daga coci, kafin Kaka Odessa ta cire hularta, wayar za ta yi ƙara. Sai ta sa shi ya faɗa mata abin da ya ci tun daga Litinin, ta yi masa faɗa a kan rashin cin ganye, sannan ta miƙo mini. Haka muka yi fiye da shekara guda, tun da ya tafi kwaleji can arewacin jihar, tafiyar awa huɗu daga garinmu da ke tsakiyar tafkunan kiwon tarwaɗa. Kaka ce ta riƙe mu tun rasuwar mahaifiyarmu, lokacin ina da shekara goma sha huɗu, shi kuma biyar. A duk danginmu na Tolliver ba a taɓa samun wanda ya gama kwaleji ba.

A watan Nuwamba na shekararsa ta biyu, Lahadi ta zo ta wuce bai kira ba. Ta gaba ya kira, amma ko minti biyu bai yi ba. Ya ce lafiya lau, karatu ne ya yi yawa. Kaka ta yarda. Ni ban yarda ba, domin na san wannan muryar. Da irinta na riƙa amsa waya shekara tara da suka wuce, a wannan kwalejin dai, kafin in tattaro kayana bayan zango uku in dawo gida in ce boko ba nawa ba ne.

Washegari na nemi izini a asibitin haƙori inda nake aikin karɓar baƙi, na kama hanya. Da azahar na same shi a ɗakinsa yana cusa littattafai cikin kwali. Ya rame, gashinsa ya cukurkuɗe. Da ya gan ni bai ko yi mamaki ba, ya zauna a bakin gado ya nuna mini wata takarda a kan tebur.

Ga abin da ya faru. Malaminsu na tarihi, Farfesa Ashcroft, ya ba su aikin rubutu a kan ma'aikatan kudancin ƙasar. Thaddeus ya zaɓi yajin aikin da matan garinmu suka yi a masana'antar gyaran kifi tun kafin a haife ni, wanda Kaka tana cikin waɗanda suka ja gaba. Dama tun hutun bazara yake zama da ita a kicin da littafin rubutu, tana girki tana ba shi labari, ni kuwa ina yi masa dariya ina kiransa ɗan jarida. Ya rubuta shafi ashirin da biyu. Da aka raba wa kowa takardarsa, tasa ta dawo ba maki, sai layi ɗaya da jan biro, wai ya same shi a ofis.

A ofis farfesan ya ce ya duba jaridun wancan lokaci da littattafan da aka rubuta, bai ga yawancin abin da ke cikin rubutun ba. Saboda haka ko dai ya kwafo daga wani wuri da ya ɓoye, ko kuma ya ƙirƙira. Thaddeus ya nuna masa shafin ƙarshe inda ya rubuta cewa daga bakin kakarsa ya ji. Farfesan ya ce kowa yana iya rubuta sunan kakarsa. Sannan ya ƙara da maganar da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

"Ina jin yadda kake magana a aji," in ji shi. "Wannan ba bakinka ba ne."

An ba shi zaɓi biyu. Ko ya sa hannu ya amsa laifi, a kayar da shi a darasin, magana ta mutu a nan. Ko ya je gaban kwamitin ladabtarwa, inda idan ya faɗi za a iya korarsa gaba ɗaya. Takardar amsa laifin ce a kan tebur, har ya rubuta kwanan wata, saura sa hannu.

"Kai ka rubuta aikin nan ko ba kai ba?" na tambaye shi.

"Ni na rubuta, Yaya."

"To uban me za ka sa wa hannu?"

Ya ce ya gaji. Ya ce mako uku ke nan yana shiga aji yana jin kamar kowa ya sani. Ya ce ba zai jawo tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu gaban fararen fata su kira ta maƙaryaciya ba, matar da ta manna hotonsa a allon sanarwar coci, take tsayar da mutane a kantin magani tana gaya musu jikanta na kwaleji. Gara ya dawo gida ya ce karatu ya fi ƙarfinsa.

Na zage shi tas. Na kira shi sakarai, na kira shi matsoraci, abin da daga baya na yi nadama, domin ba shi nake zagi ba, kaina nake zagi. Na ninke takardar na jefa a jakata, na juye kwalin littattafan a kan gado, na ce ya tashi ya yi wanka. Daga nan na wuce ofishin kula da ɗalibai na karɓi kundin dokokinsu, shafi arba'in da wani abu. Na zauna a mota na karanta shi kaf. Aikina ke nan kullum, karanta takardun da aka rubuta don kada mutum ya gane su. A shafi na talatin da ɗaya na ga cewa ɗalibi yana da damar kawo shaida, in dai ya ba da suna kwana biyar kafin zama. Babu wanda ya gaya wa Thaddeus haka. Yana kuma iya zuwa da ɗan rakiya guda, amma ɗan rakiya ba ya magana. Kafin a tashi daga aiki na sa shi ya miƙa sunan Odessa Tolliver a matsayin shaida, da nawa, Renita Tolliver, a matsayin 'yar rakiya.

Da na dawo gida na tarar da Kaka tana yanka kuɓewa. Na gaya mata komai. Ba ta daina yankan ba har na gama.

"Wa farfesan ya ce ya yi ƙarya, ni ko yaron?"

"Ku duka, Kaka."

Ta tambayi ranar zaman, na faɗa mata. Ta ce in fito mata da rigarta shuɗiya ta zuwa jana'iza in goge.

Ƙarfe goma na safe aka sa zaman, don haka da asuba muka tashi. Kaka ba ta taɓa taka harabar kwalejin ba. Ranar da aka kawo Thaddeus ƙafarta ta kumbura, ranar da aka kawo ni kuwa tana bakin aiki. Ta riƙa kallon dogayen gine-ginen jan bulo da ciyawar da aka aske kamar kan ango, da muka zo matakala sai ta ce wanda ya gina wurin nan bai yi tunanin mai ciwon gwiwa zai zo ba.

Ɗakin zaman yana da dogon tebur, da hotunan tsofaffin shugabanni a bango. Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata Malama Prewitt, mai murmushin da ba ya kaiwa ido. Farfesa Ashcroft yana gefe da tarin takardu, mutum ne mai sanyin murya, da ka gan shi ka ce ba ya iya kashe ƙuda. Aka ce Kaka ta jira a waje sai an kira ta. Ni kuma Malama Prewitt ta tuna mini sau biyu cewa idan na buɗe baki za a fitar da ni.

Ban taɓa yin shiru mai wuya irin na ranar ba. Farfesan ya ɗauki rubutun Thaddeus yana tsamo kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsa ma'anarsu, kamar ɗan firamare. Ta farko Thaddeus ya daburce, kalmar da na san ya sani tun yana sakandare. Na ga ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya yi rubutu. Na danna farcena a tafin hannuna har sai da ya yi shaida. Ta biyu ya amsa, ta uku ma, har guda tara. Sai ya fito da littafin da ya riƙa rubutu a kicin, duk ɗigon mai da garin masara a jikinsa. Farfesan ya juya shafi biyu ya ce, cikin ladabi, ai irin wannan ana iya rubuta shi bayan an gama aikin. Na ji kujerata ta motsa. Malama Prewitt ta ɗago ta dube ni, na koma na zauna.

Sannan aka kira Kaka. Ta shigo a hankali da sandarta, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta zauna ta ɗora jakarta a cinya. Farfesan ya yi mata godiya da ta sha doguwar hanya, ya ce ba wanda ke zargin ta da komai. Ya karanta mata wani sashe na rubutun, inda aka ce mai sa ido kan ma'aikata yakan tsaya da agogo a bakin banɗaki, kuma wata rana wata mata mai suna Earline, tana da ciki wata bakwai, ta nemi izini sau uku aka hana ta, har fitsari ya kufce mata a tsaye a bakin layin da ake gyaran kifi, aka kuma sa ta goge wurin da kanta. Ya ce wannan babban zargi ne, kuma babu jarida ko ɗaya da ta ambace shi.

"Ɗan jaridar da aka aiko a bakin ƙofa ya tsaya, yana shan kofi da mai kamfani," in ji Kaka. "Ni kuwa ina tsaye kusa da Earline. Takalmina ya jiƙe. Ni na karɓi tsumman daga hannunta, washegari kuma muka ajiye wuƙaƙe muka fita."

Ta ce a miƙo mata rubutun. Ta sa tabarau, ta bi da yatsa har ta zo wani wuri, ta juya ta harari Thaddeus. Ta ce ya rubuta wai suna gyara kifi goma sha biyu a minti ɗaya, alhali sha biyar ta gaya masa, sau biyu ma, amma da yake kunnensa na ado ne yana can yana satar soyayyen kifi a faranti. Ta ce idan laifi suke nema, to ga shi nan, ya rage mata kifi uku a kowane minti na shekara goma sha tara da ta yi tana aikin. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya yi dariya, ya yi sauri ya haɗiye.

Farfesan bai yi dariya ba. Ya ce ko da labarin gaskiya ne, akwai batun salon rubutun, wanda ya yi nisa da yadda ɗalibin yake magana.

Kaka ta cire tabarau. Ta ce masa yanzu haka da take magana da shi, ba haka take magana a kicin ɗinta ba, kuma tun tana shekara bakwai ta koyi haka, ranar da uwarta ta fara tafiya da ita aikin wanki a gidan fararen fata. Ta ce kowane yaro a unguwarmu da baki biyu yake tashi, kuma su suka sa dole. Daga nan ta zare safar hannunta ta ɗora hannuwan a kan tebur. Aikin gyaran kifi ya sa yatsunta ba sa miƙewa kuma ba sa dunƙulewa, kuma kowane wuyan hannu yana da tabon tiyata fari fat.

"Kun ce ya kwafa," ta ce. "To ga inda ya kwafa. Ku duba da kyau, don ba zan sake hawa matakalar nan ba."

Malama Prewitt ta yi gyaran murya ta ce sun gode, za su aiko da hukunci a rubuce. Farfesan ya tattara takardunsa ya fita ta ɗaya ƙofar. Bai dubi Thaddeus ba.

Thaddeus yana da aji da rana, don haka ni da Kaka kaɗai muka juyo. Na zaci zan ji sanyi a raina, amma muna barin gari sai wani tsohon fushi ya taso mini. Da muka yi tafiyar kusan awa guda, sai na tsayar da mota a gefen wata gonar auduga da aka riga aka girbe.

Na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Yadda abokiyar ɗakina ta ɓatar da ɗan kunne, masu gadi suka zazzage jakata a tsakiyar baranda kowa yana kallo, aka ga ɗan kunnen bayan kwana biyu a aljihun rigarta, kuma ba wanda ya ce mini ko sannu. Yadda malamin kimiyya ya kira ni ya ba ni shawara in nemi wani fanni mai sauƙi, tun kafin ya duba jarrabawata ta farko. Yadda na daina zuwa aji na yi mako biyar a kwance. Na ce da na dawo gida ta soya mini kifi, ta ce sannu da zuwa, shi ke nan.

"Ko sau ɗaya ba ki tambaye ni abin da ya faru ba, Kaka. Shi kin sa na goge riga, kin hau matakala. Ni fa?"

Ta juya ta kalli gonar. Na zaci za ta ce ai ni ce ban faɗa ba, kuma na shirya amsa. Ba haka ta ce ba.

"Na ga idonki ranar," ta ce. "Na san an yi miki wani abu. Amma ban san ana ƙwanƙwasa ƙofar mutanen nan ba, Renita. Na ɗauka in sun ce a tafi, tafiya ake yi. Na ji tsoron in tambaye ki, ki faɗa mini, in rasa abin da zan yi miki. Sai na soya kifi."

Ban ce na yafe ba, ita ma ba ta nema ba. Na tayar da mota. Da muka kai rabin hanya ta ɓare lemo ta riƙa miƙo mini ɓari-ɓari, ina karɓa ina ci, ina kuma jin haushinta da na kaina da na ginin jan bulon nan gaba ɗaya.

Bayan mako biyu wasiƙar ta zo. Layi huɗu ce. Ba su ce bai yi laifi ba, cewa suka yi ba a sami isasshiyar hujjar da za ta tabbatar da laifin ba. Babu kalmar ban haƙuri ko ɗaya. Aka ba wani malami rubutun ya duba, ya ba shi maki mai kyau amma ba na sama ba, wai don bai kawo littattafai da yawa ba. Farfesa Ashcroft ya ci gaba da koyarwa kamar ba a yi komai ba.

Da hutun Kirsimeti Thaddeus ya ce ba zai koma ba. Ya ce ya ci nasara, ya ji, amma yanzu duk layin da ya rubuta sai ya tsaya yana tunanin ko ya yi kyau da yawa. Na buɗe baki zan fara masifa, Kaka ta ɗaga mini hannu. Ta ce masa zai koma, kuma ba shi kaɗai ba. Ta ce ta gane hanya yanzu.

Haka kuwa aka yi. Asabar ta farko a kowane wata muna loda mota da soyayyar tarwaɗa, da dafaffen ganye, da burodin masara, mu kama hanyar awa huɗu. Kaka takan zauna a ɗakin hutawar ɗalibai da hularta, ta baza kwanuka a kan teburin da suke wasan kati. Da farko Thaddeus kunya yake ji. A wata na uku yara shida ne suke jiranmu, baƙaƙen fata huɗu da wasu 'yan mata biyu da iyayensu ke aikin gona a kudancin jihar. Kaka tana ciyar da su tana yi musu tambayoyin da ba a yi mini ba: wa ya ɓata maka rai, me ya ce, a gaban wa. Wanda ya kawo matsalar takarda sai ta turo shi wurina, ni da kundin dokokina da ya fara yagewa. Ba duka muka riƙe ba. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta tafi a shekara ta uku ba ta ko yi sallama ba, kuma har yau ina jin zafin wannan.

Saura wata guda Thaddeus ya gama, sai ga wasiƙa da sunan Kaka, da tambarin kwalejin a kai. Daga Farfesa Ashcroft take. Ya ce yana rubuta littafi a kan matan da suka yi aiki a masana'antun kifi, kuma shaidar da ta bayar ta daɗe a ransa. Yana roƙon ta ba shi awa biyu ya zo gida da na'urar ɗaukar magana. Ya ce tarihi yana buƙatar muryoyi irin nata. Shafi guda cur, kuma ko sau ɗaya sunan Thaddeus bai fito ba.

Na karanta mata a tsaye. Na ce ta bar ni in ba shi amsa da kaina, na riga na tsara ta a kaina tun daga layin farko. Ta ce a'a, zagi zai ba shi damar ya ji shi aka zalunta. Ta sa na ɗauko biro da takarda, ta ce in rubuta abin da za ta faɗa kawai, kada in ƙara ko gishiri.

"Malam Ashcroft, na ga wasiƙarka. Labarin da kake nema an riga an rubuta shi, shafi ashirin da biyu, kuma ka karanta. In kana son wani abu daga ciki, ka nemi izinin marubucin, Thaddeus Tolliver, ka kuma sa sunansa. Akwai gyara ɗaya a shafi na tara, sha biyar ne ba sha biyu ba."

Ta karɓi biron da yatsunta da ba sa lanƙwasuwa, ta ɗauki lokaci tana sa hannu. Na kai gidan waya da kaina a hutun cin abincin rana. Bai sake rubuto mata ba, bai kuma nemi Thaddeus ba, kuma ban taɓa jin littafin nasa ya fito ba.